Faɗi Ɗaya, Aiki Biyu: Nazarin Babban Fim na Sinima da Matsakaicin Fim na Hoto

Duk wanda ya sami damar riƙe nagatif ɗin kyamarar Pentax 6×7 a hannun dama, ya riƙe guntun fim ɗin IMAX a hagu, ya ɗaga su duka ga hasken taga, zai ga abin da ya jawo wannan nazari. Hotunan biyu kusan girmansu ɗaya: na farko milimita 55 ne da 70, na biyu kuma kimanin 53 da 70. Duk da haka masu sinima suna lissafa nasu a matsayin mafi girman fim da ake ɗaukar labari da shi, masu hoto mara motsi kuwa suna ajiye nasu a tsaka-tsaki, domin a sana'arsu akwai fallayen fim da suka ninka shi sau 3, akwai ma waɗanda suka ninka shi sau 12. Abin da muke son nunawa shi ne, sana'o'in biyu sun yi tarayya a girman hoto, sun yi tarayya a gilasan da ke zana shi, har sun kusa yin tarayya a sinadaran da ke kama haske, amma lokaci ya raba su. Mai hoto shi ke juya lokaci yadda ya ga dama, mai sinima kuwa lokaci ne ke juya shi, kuma kusan duk bambancin da za mu ci karo da shi daga nan ya samo tushe.

Kafin mu ci gaba, wajibi ne mu daidaita ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su. Idan muka ce fim a nan, muna nufin zirin roba mai garai-garai wanda aka shafe fuskarsa ɗaya da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a cikinsa kuma an barbaɗa ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. Labarin da ake kallo a allo za mu kira shi shiri, don gudun ruɗani. Nagatif shi ne zirin da ya fito daga kyamara bayan an wanke shi, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Firam shi ne hoto guda ɗaya a kan zirin. Kafofi su ne ƙananan hudojin da ke jere a gefen fim ɗin sinima, inda haƙoran kyamara ke shiga su ja shi; tsakanin kafa da kafa kimanin milimita 4.75 ne, shi ya sa masu sana'ar kan auna firam da yawan kafofin da ya ci, su ce mai kafa 4, mai kafa 5, mai kafa 15. Lensi kuwa shi ne jerin gilasan da ke bakin kyamara, masu tattara haske su zana hoto a kan fim. Tsawon lensi, wanda ake faɗa da milimita, shi ke nuna yawan filin da zai gani: gajere yana ɗebo fili mai faɗi, dogo yana jawo na nesa ya taƙaita gani.

Ma'aunin da sinima ta tsaya a kai shi ne fim mai faɗin milimita 35, yana tafiya daga sama zuwa ƙasa, kowane firam na cin kafa 4, ana ɗaukar firam 24 a kowace daƙiƙa tun zuwan sauti a ƙarshen shekarun 1920. Girman firam ɗin da aka amince da shi a 1932 milimita 22 ne da 16. Duk abin da ya zarce wannan sosai shi ake kira babba, kuma za mu iya kasa shi gida uku. Kashi na farko shi ne fim mai faɗin milimita 65 da ke tafiya a tsaye, firam mai kafa 5, girmansa kimanin 52.6 da 23. An gwada faffaɗan fim tun 1930, lokacin da kamfanin Fox ya fitar da The Big Trail a tsarinsa na Grandeur, amma gidajen sinima ba su daɗe da kashe kuɗi a kan kayan sauti ba, ga kuma karayar tattalin arziki, sai gwajin ya mutu. Talabijin ce ta tashe shi. Da ta fara riƙe mutanen Amurka a gida, sai masu sinima suka shiga neman abin da ƙaramin akwati ba zai iya bayarwa ba, kuma a 1955 Mike Todd da kamfanin American Optical suka fito da tsarin Todd-AO a shirin Oklahoma! A wannan tsari ana ɗauka da zirin milimita 65, a buga kwafin kallo a kan na 70, ƙarin milimita 5 ɗin kuma wurin layukan maganaɗisu ne masu ɗauke da sauti ta hanyoyi 6. Daga nan ne ake jin lambobin biyu, 65 da 70, alhali hoton bai canja ba. Kamfanin Panavision ya biyo baya da Super Panavision 70, wanda aka ɗauki West Side Story na 1961 da Lawrence of Arabia na 1962 da 2001: A Space Odyssey na 1968 da shi, sai kuma Ultra Panavision 70, mai lensin da ke matse hoto ta faɗi sau 1.25 a warware shi wajen haskawa, har faɗin allo ya ninka tsayinsa sau 2.76. Da irin wannan aka yi Ben-Hur a 1959, da Khartoum a 1966, labarin Janar Gordon da mayaƙan Mahadi na Sudan. Daga shi aka jingine lensunan har 2015, da Quentin Tarantino ya sa aka kakkaɓe su don The Hateful Eight.

Sauran kashi biyun dabara ɗaya suka bi, wato kwantar da zirin ya riƙa tafiya ta gefe, kamar yadda tela kan juya yadi ya yanka ta tsawonsa idan faɗin bai kai ba. VistaVision na kamfanin Paramount, wanda ya fara da White Christmas a 1954, ya kwantar da fim na 35 ya ba kowane firam kafa 8, ya samu kimanin milimita 38 da 25. Mu lura cewa wannan bai fi firam ɗin ƙaramar kyamarar hoto ta gama-gari ba sai da kaɗan, domin nata 36 ne da 24. IMAX kuwa ya kwantar da fim na 65 ya ba firam kafa 15. 'Yan Kanada ne suka ƙirƙiro shi, wato Graeme Ferguson da Roman Kroitor da Robert Kerr da injiniya William Shaw, aka fara nuna shi da gajeren shirin Tiger Child a baje-kolin duniya na Osaka a 1970, aka buɗe gidansa na dindindin na farko a Toronto a 1971. Shekaru kusan arba'in ya yi yana hidimar shirye-shiryen gidajen tarihi da na kimiyya, duwatsu da teku da sararin samaniya, kafin Christopher Nolan da mai ɗaukar hotonsa Wally Pfister su shigar da kyamarorinsa cikin babban shirin labari da The Dark Knight a 2008.

A ɓangaren hoto mara motsi, matsakaicin fim a yau yana nufin wanda ake kira 120, wanda Kodak ya fitar a 1901 don kyamarar Brownie mai lamba 2. Faɗinsa kimanin milimita 61 ne, ba shi da kafofi, yana manne da doguwar takarda mai kare shi daga haske, an naɗe su tare a kan ɗan kwarkwaro. Tunda babu kafofin da za su ci gefe, hoto yana samun kimanin milimita 56 ta faɗin zirin, tsawonsa kuma kyamara ce ke yanke shi. Daga nan nau'o'insa suka fito, ana kiransu da santimita: 6×4.5 mai ba da firam 15 ko 16 a naɗi ɗaya, 6×6 mai ba da 12, 6×7 mai ba da 10, 6×9 mai ba da 8. Fitattun kyamarorinsa su ne Rolleiflex ta Jamus da ta fito a 1929, da Hasselblad ta Suwidin wadda samfurinta 500C na 1957 ya zama abin koyi, da Pentax 6×7 ta 1969 da Mamiya RB67 ta 1970, waɗannan biyun daga Japan. Sa mata fim aiki ne na natsuwa. Mai hoto zai yage ɗan hatimin takarda, ya mayar da fankon kwarkwaron da ya rage zuwa wancan gefen, ya zura harshen takardar a tsagarsa, ya yi ta murzawa har kibiyoyin da aka buga a bayan takardar su yi daidai da ɗigon da ke jikin kyamara, sannan ya rufe. Idan naɗin ya ƙare ya fito da shi, ya lanƙwasa bakin takardar, ya lashi ɗan tef ɗin ya liƙe. Wanda zai maimaita wannan bayan kowane hoto goma ba ya danna maɓalli da garaje.

Idan muka auna fili da murabba'in milimita, jerin zai bayyana sarai. Tsohon firam na 35 yana da kimanin 350, na VistaVision kimanin 950, na 65 mai kafa 5 kimanin 1,200. Mafi ƙanƙantar matsakaicin fim, 6×4.5, yana da kimanin 2,300, wato ya kusa ninka firam ɗin Lawrence of Arabia sau biyu. Na 6×6 ya ɗan haura 3,100, na IMAX kimanin 3,700, na 6×7 kimanin 3,850, na 6×9 kimanin 4,700. Ke nan cikin manyan tsare-tsaren sinima guda uku, IMAX kaɗai ya shiga sahun matsakaicin fim na hoto, kuma ko shi bai kai ƙarshen sahun ba. Dalilin a fili yake: kowace sana'a da abin da take awo da shi, ita sinima da 22 da 16, shi hoto da fallen inci 4 da 5 ko 8 da 10.

Wannan kusancin girma ya haifar da auratayya ta zahiri. Kowane lensi yana zana da'irar haske a bayansa, kuma tilas da'irar ta rufe firam daga kusurwa zuwa kusurwa. Na IMAX yana buƙatar kimanin milimita 88, na 6×7 kimanin 89, na 6×6 kimanin 79. Tunda kyamarorin IMAX 'yan ƙalilan ne a duniya, ƙera musu lensuna daga tushe ba zai biya kuɗinsa ba, sai aka koma ga waɗanda aka riga aka yi wa masu hoto. Lensunan Zeiss na Hasselblad, waɗanda aka sake wa mazauni da gyare-gyare, su ne suka daɗe a bakin kyamarorin IMAX, musamman na milimita 50 da na 80 da mai ɗaukar hoto Hoyte van Hoytema ya dogara da su a shirye-shiryen Nolan. Auratayyar ta bi ta ɗaya hanyar ma. Da hukumar NASA ta so tura Hasselblad sararin samaniya, naɗi mai hoto 12 ba zai yi wa mutumin da ke sanye da safar hannu mai kauri amfani ba, sai aka yi amfani da siririn fim na milimita 70 mai kafofi, gidan fim ɗaya na ɗaukar hoto 160 na launi ko 200 na baƙi da fari. Da irinsa ɗan sama-jannati Bill Anders ya ɗauki hoton duniya tana ɓullowa daga bayan wata ranar 24 ga Disamba 1968, kuma da shi aka ɗauki hotunan saukar Apollo 11 a 1969.

Yanzu mu zo inda hanya ta rabu, mu fara da abin da za mu kira zurfin kaifi, wato tazarar da ke gaba da bayan abin da aka saita a kansa wadda komai a cikinta ke fitowa tar. Abin da ke wajenta yana dusashewa. A cikin lensi akwai ƙofa da ake buɗawa ko a tsuke, ana auna ta da lambobi irin su 2.8 da 4 da 5.6 da 8. Kowane mataki na tsukewa yana rage haske da rabi, yana kuma ƙara zurfin kaifi. Babban firam yana buƙatar dogon lensi kafin ya ga filin da ƙarami ke gani da gajere: abin da lensin milimita 28 ke gani a kan firam na 35 na zamani, mai faɗin kusan milimita 25, sai da lensin 80 IMAX zai gan shi. Idan lambar ƙofa ɗaya ce, zurfin kaifin IMAX bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙaramin ba. A fuskar da aka matso kusa, 'yan santimitoci ne: ido ya fito, kunne ya fara narkewa. Mai Pentax 6×7 ya san wannan hali sarai, kuma shi ne abin da masu hoton fuska ke ƙauna a matsakaicin fim, yadda mutum ke rabuwa da bayansa a hankali ba tare da an yanke shi ba. Zuwa nan dokar ɗaya ce a kan su biyun.

Bambancin yana wajen biyan kuɗin dokar. Don babban firam ya dawo da zurfin kaifin ƙaramin, sai ya tsuke ƙofa mataki 3, wanda ke nufin yana neman haske ninki 8. Mai hoto yana da inda zai samo shi kyauta. A cikin kyamara akwai marufi, ƙyauren da ke buɗewa ya bar haske ya faɗa kan fim na wani ɗan lokaci, kuma mai hoto shi ke zaɓar lokacin, daga kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa har zuwa mintuna. Sai ya kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, ya tsuke ƙofa, ya bar marufi a buɗe ninki 8, shi ke nan. Mai sinima ba shi da wannan mafita. Firam 24 za su wuce a kowace daƙiƙa, rabin lokacin kowanne kuma ana kashe shi wajen jawo fim cikin duhu, saura kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa. Ba zai iya ƙarawa ba. Ko dai ya ninka fitilu sau 8, ko ya haƙura da siririn kaifi. Idan ya haƙura, nauyin ya koma kan mataimakinsa mai jan saiti, wanda ke tsaye gefen kyamara da hannu a kan ƙaramar ƙafar murzawa, yana bin ɗan wasa da ido, idan ya sunkuyo da faɗin tafin hannu shi ma ya murza daidai wannan. Mai hoto yana saita sau ɗaya, ya duba, ya gyara, ya jira. Wannan bawan Allah kuwa yana saita firam dubu huɗu a jere, kuskurensa kuma za a haska shi a allo mai tsayin bene. A ganinmu babu wani aiki a wannan sana'a da ya kai nasa wuya kuma aka fi mantawa da shi.

Lokaci yana cin fim ma. Firam mai kafa 15 yana cin milimita 71 da ɗoriya na ziri, don haka kyamarar IMAX tana haɗiye kimanin mita 1.7 a daƙiƙa, fiye da mita 100 a minti, alhali ta 65 mai kafa 5 tana cin mita 34, ta 35 kuma mita 27. Naɗin ƙafa 1,000, wato mita 305, bai cika minti 3 ba, kuma firam ɗin da ke cikinsa sun kai abin da mai 6×7 zai samu daga naɗi fiye da 400. Shirin Nolan mai suna Oppenheimer na 2023 awa 3 ne, firam sama da 259,000, kwafinsa na IMAX ya kai tsawon kilomita kusan 18 da nauyin kilo kimanin 270. Ziri mai wannan gudu tilas ya tsaya cik sau 24 a daƙiƙa, ya kuma kwanta lif, domin ko ɗan kumburi kaɗan zai ɓata kaifi a firam mai wannan faɗi. A kyamara iska ce ke zuƙe shi ta manne shi da faranti. A na'urar haskawa kuwa, haƙora za su yaga shi in an ce su fizge shi, sai aka ɗauki dabarar wani ɗan Ostireliya, Ron Jones, wadda ke tura fim ɗin a lanƙwashe yana birgima har ya sauka kan fegi. Duk wannan yana da ƙara, shi ya sa Nolan ya daɗe yana komawa ga kyamarar kafa 5 a wuraren da ake magana a hankali. Fim na 120 ma yana da matsalar kwanciya, saboda takardar bayansa da lanƙwasar da yake yi idan ya daɗe a kyamara, har aka yi wa kyamarar Contax 645 gidan fim mai zuƙar iska, ko da yake da nau'in 220 mara takardar baya yake aiki. Amma abin da yake ƙarin inganci ga mai hoto, ga IMAX sharaɗi ne na aiki.

Sinadaran ba za su ɗauke mu lokaci ba, domin 'yan gida ɗaya ne. Fim ɗin sinima na Kodak mai suna Vision3 da fim ɗin hoto Portra 400 da aka sabunta a 2010 fasaharsu ta haɗu. Sai dai na sinima an yi shi da sanyin launi da taushin bambanci tsakanin haske da duhu, domin za a sake buga shi a kan wani fim kafin a haska, ana kuma wanke shi da tsarin ECN-2, na hoto kuwa da C-41. An daɗe ana shafa wa bayan na sinima baƙin shafe mai suna remjet, wanda ke hana haske dawowa ta baya, yana kuma kare shi daga ƙarzuwa da tartsatsin lantarki yayin gudu. Kamfanin CineStill na Amurka yana sayar da irin wannan fim ba tare da shafen ba a naɗin 120, kuma jan kewayen da ake gani a jikin fitilu a hotunansa shaidar rashin shafen ne.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ake kallon sakamakon. Ɓarɓashi shi ne yashi-yashin da ake gani a hoton fim idan an faɗaɗa shi, sawun ƙwayoyin azurfar nan. Nagatif na 6×6 da aka buga a takarda mai faɗin rabin mita an faɗaɗa shi sau 9 ne kawai, ɓarɓashinsa da ƙyar ake ganinsa. Allon IMAX na Cibiyar Fim ta Birtaniya a Landan faɗinsa mita 26 ne, tsayinsa 20, wato an faɗaɗa firam sau kusan 370. Bisa lissafi ya kamata hoton ya wargaje, amma abubuwa biyu sun tsare shi. Na farko nisa, domin abin da ido ke aunawa shi ne yawan filin ganinsa da hoto ya cika. Na biyu lokaci. Ɓarɓashin kowane firam yana zaune a wurin da ya bambanta da na mai bi masa, abin da aka ɗauka kuwa yana nan inda yake, sai ido ya haɗa firam da yawa ya tace yashin ya riƙe siffar. Wanda ya yanko firam ɗaya na shiri ya duba shi da gilashin ƙara girma yakan tarar bai kai kaifin da ya gani a allo ba, sau da yawa ma hannu ko ƙafar da ke motsi ta shafe, kuma wannan shafewar ita ke sa motsi ya tafi sumul. Hoto mara motsi ba shi da maƙwabcin da zai rufa masa asiri. Mai kallo zai iya tsayawa gabansa minti goma, ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashi.

Don haka fili ɗaya yana sayo wa kowannensu abu daban. Ga sinima yana sayo sarari, da ikon ajiye ƙaramin abu a cikin babban wuri ba tare da ya ɓace ba. Misalin da ya fi kowanne shi ne shigowar Omar Sharif a Lawrence of Arabia, wadda darakta David Lean da mai ɗaukar hotonsa Freddie Young suka ɗauka a hamadar Jodan da lensin milimita 482. Mutum biyu na tsaye bakin rijiya. Can ƙarshen gani, inda ƙasa da sama suka narke cikin kawalwalniya, wani baƙin ɗigo ya bayyana yana rawa, ƙura na tashi a bayansa. Kyamara ba ta matsa ba, ba a kuma sa kiɗa ba. A hankali ɗigon ya yi ƙafafu, ya zama raƙumi, ya zama mahayi cikin baƙaƙen kaya. A kwafin milimita 70 mai kallo yana ganin ɗigon tun yana ɗigo, ya shiga zullumi tare da mutanen rijiyar. A ƙaramin allo sai ya yi ta kallon fanko yana jiran abin da bai san an riga an nuna masa ba. Ga mai hoto kuwa filin yana sayo kusanci da laushi, saƙar riga da ƙyallin fata da matakan toka-toka tsakanin baƙi da fari. Mu dubi Rolleiflex a hannun Malick Sidibé a Bamako ko Sanlé Sory a Bobo-Dioulasso. Tana da lensi biyu, na sama don dubawa, na ƙasa don ɗauka. Ana riƙe ta wajen cibiya, mai hoto ya sunkuyar da kai ya leƙa wani gilashi mai kusurwa huɗu, inda yake ganin hoton da girman da zai fito a nagatif, dama ta koma hagu. Fuskarsa ba ta ɓuya a bayan na'ura ba, yana iya ɗagowa ya yi wa mutum magana, kuma da yake kyamarar tana ƙasa da fuskar wanda ke tsaye, mutumin yakan fito da ɗan kwarjini. Ba ƙaramin rabo wannan tsayuwa ke da shi ba a mutuncin da ake gani a hotunan samarin Bamako na shekarun 1960.

Siffar firam ma ta bi wannan rabuwa. Mai hoto yana da murabba'i, yana da 6×7, yana iya tsayar da hoto ko ya kwantar da shi. Bayan kyamarar RB67 ma juyawa yake yi don haka. Allon sinima gini ne, ba ya juyawa, kuma da yake faɗin IMAX bai wuce ninki 1.43 na tsayinsa ba, mai ɗauka yana tsara hotonsa da sanin cewa mai kallo tsakiya zai riƙe, sama da ƙasa kuma gefen ido ne zai ji su. Mai 6×7 yana da alhakin kowace kusurwa, domin za a duba ta.

Zuwan na'urorin dijital bai warware tsohon awon ba. Farantin da ke kama haske a kyamarar Alexa 65 ta kamfanin ARRI, wadda ta fito a 2014, milimita 54 ne da 25.6, kuma lensunanta na farko daga Hasselblad aka aro su. Na Alexa LF, wadda ita ma ake kira babba, 36.7 ne da 25.5, girman ƙaramin fim na hoto ke nan. Yawancin kyamarorin hoto na dijital da ake kira matsakaita 44 ne da 33, ba su kai ko 6×4.5 ba. Inda tazarar ta yi faɗi sosai shi ne wajen samun dama. Naɗin 120 na baƙi da fari ana iya wanke shi a ɗaki da ɗan tanki da ma'aunin zafi da agogo. Fim na 65 kuwa sai ɗakunan wanki 'yan ƙalilan irin su FotoKem a Burbank ta Kalifoniya, kuma da aka so ɗaukar wasu sassan Oppenheimer da baƙi da fari sai da Kodak ya yanka fim ɗinsa Double-X a wannan faɗi a karo na farko. Gidaje 30 ne kacal a duniya suka nuna kwafinsa mai kafa 15, babu ko ɗaya a Afirka.

Akwai dai abu ɗaya da lokaci ya yi wa su biyun daidai. Babban nagatif yakan adana fiye da abin da kayan zamaninsa ke iya fitarwa. Abokan cinikin Sidibé ƙananan kwafi suke karɓa su sa a aljihu ko a bango. Sai daga tsakiyar shekarun 1990, da aka fara buga nagatif ɗin nan manya-manya don baje-koli a Bamako da Faris, aka ga yawan abin da ke ciki, har aka ba Sidibé lambar yabo ta Hasselblad a 2003. Lawrence of Arabia ma Robert Harris ya sake haɗa shi daga asalin nagatif a 1989, sannan don cikarsa shekara 50 a 2012 aka kwafe nagatif ɗin cikin kwamfuta da awon da ake kira 8K, wato ɗigo kusan 8,000 ta faɗin kowane firam. Kwafin ya fito da ƙwayoyin rairayi da zaren rawani, ya kuma fito da wasu siraran tsagogi a fuskar fim ɗin, waɗanda masu gyaran suka danganta da zafin hamadar da aka yi ɗaukar a cikinta, sai da aka bi su da kwamfuta aka share kafin a sake haska shirin.